Wace ƙungiyar mata zalla ce ta fara kiɗan rok, kuma ina labarinsu ya shiga?

Tambaya: Ina koyon jita, kuma duk tarihin kiɗan rok da na ci karo da shi sunayen maza ne, daga Beatles zuwa Rolling Stones. Shin an taɓa yin ƙungiyar da mata zalla suka kafa tun a farkon lamarin? Wace ce ta fara? In kuwa an yi, me ya hana mu jin labarinsu?

Amsa: 'Yar'uwa, an yi su, kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai dai kalmar nan "ta farko" tana da ƙaya. Na daɗe ina bin tarihin wannan kiɗa da tsofaffin faya-fayansa, kuma tsakanin 1964 da 1982 kaɗai na san ƙungiyoyi huɗu da aka liƙa wa wannan kirari. Duk sanda wata ta ɓullo, sai a yi ta shela kamar ba a taɓa ganin mace riƙe da jita ba, domin kafin ta iso an riga an manta da wadda ta gabace ta. Wannan mantuwar ita ce rabin amsar tambayarki.

Bari mu fara raba zare da abawa. A farkon shekarun 1960 Amurka cike take da ƙungiyoyin 'yan mata mawaƙa: Shirelles, waɗanda suka hau saman jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a farkon 1961, da Ronettes, da Supremes. Waɗannan murya ce tasu. Mai rubuta waƙa daban, masu kaɗa kayan kiɗa a situdiyo daban, furodusa ne mai faɗa a ji. Cikin makaɗan situdiyon Los Angeles na wancan zamani da wuya ki ga mace in ba Carol Kaye ba, mai jitar bes, wadda yatsunta ke cikin ɗimbin waƙoƙin da mutane ke rerawa ba tare da sun san da ita ba. Abin da kike tambaya a kai wani abu ne dabam: mata huɗu ko biyar, ɗaya a kan ganguna, ɗaya da bes, ɗaya ko biyu da jitar lantarki, su tsara kiɗansu, su ɗauki sifikokinsu su loda a mota. Nan ne aka ja layi. Mace ta tsaya gaban makirfo ba wanda ya damu. Ta zauna bayan ganguna ne ake ɗaga gira. Mu ma mun san irin wannan rabon a gida: kalangu da goge da kukuma na maza, shantu da ƙwarya na mata, shi ya sa marigayiya Barmani Coge ta yi suna da kiɗan ƙwarya na amada, tare da mata 'yan amshinta. Turawa ma suna da nasu rabon, sun dai ƙi faɗinsa a fili ne.

Tun kafin a raɗa wa rok suna, mata na kaɗawa. A 1937 aka kafa International Sweethearts of Rhythm a wata makarantar yara baƙar fata da ke Piney Woods, jihar Mississippi, babbar tawagar jaz ta mata zalla wadda har Turai ta je ta yi wa sojojin Amurka wasa a 1945. Sister Rosetta Tharpe kuwa tana dukan jitar lantarki cikin waƙoƙin coci tun shekarun 1940, da salon da samarin rok suka zo suka ɗauka daga baya.

In ma'aunin shi ne wace ƙungiyar rok ta mata ce babban kamfanin faya-fayai ya fara ƙulla yarjejeniya da ita, amsar ita ce Goldie and the Gingerbreads. A New York aka kafa ta a 1962. Jagorarta Genya Ravan, wadda ake kira Goldie, an haife ta a Poland a 1940, iyayenta Yahudawa ne da suka tsira daga kisan ƙare-dangi na 'yan Nazi suka yi hijira zuwa Amurka. Ta haɗu da Ginger Bianco mai ganguna, daga baya Margo Lewis mai ogan da Carol MacDonald mai jita suka shigo. A 1964 Ahmet Ertegun ya ɗauke su a kamfanin Atlantic. Suka tsallaka Ingila, suka yi rangadi da Rolling Stones da Animals da Kinks, waƙarsu "Can't You Hear My Heartbeat" ta kai lamba 25 a Birtaniya a 1965. To ji abin da ya faru. Ita wannan waƙar, wata ƙungiyar samari ta Ingila, Herman's Hermits, ta fitar da ita a Amurka a daidai wannan lokaci, ta kai lamba 2. Kasuwar gida ta kuɓuce wa masu ita. Kafin shekarun 1960 su ƙare ƙungiyar ta watse ba tare da ta taɓa fitar da cikakken kundin waƙoƙi ba. Riƙe wannan batu, zai dawo.

A Liverpool, garin Beatles, 'yan mata sun kafa Liverbirds a 1963, huɗun da aka san ƙungiyar da su kuwa su ne: Valerie Gell, Pamela Birch, Mary McGlory da Sylvia Saunders. Su da bakinsu suke ba da labarin ranar da aka shigar da su ɗakin da Beatles ke shiri a kulob ɗin Cavern, aka gabatar da su a matsayin sabuwar ƙungiya, John Lennon ya dube su ya ce ai 'yan mata ba sa kaɗa jita. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarinsu shi ne inda suka dosa. Ingila ba ta ba su wuri ba, sai suka bi hanyar da Beatles ɗin suka bi, suka tafi Hamburg ta Jamus a 1964, kulob ɗin Star-Club, inda ake kaɗawa dare bayan dare har sai yatsu sun yi kanta. A can suka yi suna, suka fitar da kundi biyu, wata waƙarsu ta shiga biyar na sama a Jamus. Suka watse a 1968 bayan wani rangadi a Japan, lokacin da aure da haihuwa da jinyar miji suka raba hankalinsu. Namiji makaɗi in matarsa ta haihu yakan hau mota ya ci gaba da rangadi. Mace makaɗiya in ta haihu, a wancan zamani, yawanci ƙarshen ƙungiya ke nan.

Detroit ta ba da Pleasure Seekers a 1964, ƙungiyar 'yan gidan Quatro, inda Suzi Quatro ta fara rungumar jitar bes tana 'yar shekara goma sha huɗu. Sai da furodusa Mickie Most ya cire ta daga cikin 'yan'uwanta ya kai ta Ingila ita kaɗai a 1971 sannan ta yi suna, ta hau lamba 1 a Birtaniya a 1973, da maza a bayanta suna kaɗa mata. San Francisco kuma ta ba da Ace of Cups, waɗanda suka buɗe wa Jimi Hendrix fage a 1967, amma kundinsu na farko na situdiyo bai fito ba sai 2018, suna da jikoki.

Yanzu ga wadda ni nake ba wa kambun, wato Fanny.

June da Jean Millington ya da ƙanwa ne, haifaffun Manila, uwarsu 'yar Filifin, ubansu jami'in sojan ruwan Amurka. A 1961 iyalin suka koma Sacramento ta jihar Kalifoniya, inda yaran suka tsinci kansu baƙi, masu launin fata daban da na 'yan ajinsu. Ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, yukulele, ita ta fara sama musu ƙawaye. Suka kafa ƙungiya tun suna sakandare, suka yi shekaru suna wasa a wuraren rawar ɗalibai da sansanonin soja. A 1969 suka sauka Los Angeles da sunan Wild Honey, suka yi ta buga ƙofofi ba a buɗe ba. Har sun yanke shawarar komawa gida, sai suka ce bari su yi wasan bankwana a kulob ɗin Troubadour, a daren da ake barin kowa ya hau dandamali. Sakatariyar furodusa Richard Perry tana cikin masu kallo. Ta nan aka kai su kamfanin Reprise, suka sauya suna, kundinsu na farko ya fito a 1970: June a jita, Jean a bes, Alice de Buhr a ganguna, Nickey Barclay a piyano da ogan. Su ne ƙungiyar rok ta mata zalla ta farko da ta fitar da cikakken kundi a babban kamfani a Amurka. Abin da Goldie ba su samu ba ke nan.

Kuma ba kundi ɗaya suka tsaya ba, biyar suka yi cikin shekara biyar. Waƙarsu "Charity Ball" ta kai lamba 40 a Amurka a 1971. Kundi na uku a situdiyon Apple na Beatles da ke Landan aka naɗe shi, da injiniyan sauti Geoff Emerick, mutumin da ya yi aiki a kan manyan faya-fayan Beatles. Barbra Streisand ta ɗauke su sun kaɗa mata a wani kundinta na 1971. Wanda bai iya kiɗa ba, ba a kai shi waɗannan wurare.

To me ya hana su zama gagarabadau? A nawa nazarin, kamfanin bai taɓa sanin abin da yake sayarwa ba. Tallan da aka yi musu wasa ne da sunan ƙungiyar, mai harshen damo a Turanci. 'Yan jarida in sun zo, tambayar ba ta wuce yaya ake ji a ce mace na kaɗa jita. Masu kallo kan shigo da niyyar dariya, sai an yi waƙa biyu uku sannan a ga sun gyara tsayuwa, kuma a kowane sabon gari sai an sake wannan jarrabawa daga farko. Ka yi shekara huɗu kana shiga ɗaki kana tabbatar wa mutane cewa hannunka na aiki, dole ka gaji. Da aka fara matsa musu kan sutura, a rage nan a buɗe can, June ta ajiye aiki a 1973, Alice ta bi ta. Patti Quatro, yayar Suzi, ta karɓi jita, Brie Brandt ta karɓi ganguna. Waƙarsu da ta fi kowace tashi, "Butter Boy", ta kai lamba 29 a 1975, a lokacin ƙungiyar ta riga ta wargaje, babu wanda zai fita ya yi mata rangadi. Sai a 1999 David Bowie ya tuna wa duniya da su a mujallar Rolling Stone, yana cewa suna cikin ƙwararrun ƙungiyoyin zamaninsu amma an binne su ba a ko ambatonsu. June kuwa tun 1986 ta kafa wata cibiyar koyar da mata kiɗa tare da Ann Hackler, wadda yanzu take Goshen a jihar Massachusetts, inda 'yan mata ke zuwa lokacin hutu su koyi jita da ganguna da naɗar sauti.

Shekarar da Fanny ta mutu, a wannan gari na Los Angeles, aka haifi Runaways, aka kuma sake buga gangar "ba a taɓa gani ba". Joan Jett da Sandy West ne suka fara, Lita Ford da Cherie Currie da Jackie Fox suka cika. Dukkansu ba wadda ta kai shekara goma sha takwas sa'ad da kundinsu na farko ya fito a 1976. Manajansu Kim Fowley, wanda ya girme su da kusan shekara ashirin, shi ya riƙe kwantiragi da kuɗi da hoton da za a nuna wa duniya, hoton kuwa na 'yan mata marasa jin magana ne, don a sayar wa maza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Amurka rediyo ta juya musu baya, amma da suka sauka Japan a 1977 sai ga dandazon jama'a tun daga filin jirgi. A 1979 suka watse. Bayan mutuwar Fowley a 2015, Jackie Fox ta fito fili ta zarge shi da yi mata fyaɗe tana 'yar shekara goma sha shida. Sandy West, wadda duk wanda ya san ganguna ya yarda gwana ce, ta ƙare tana aikin gini da ƙananan ayyuka, ta rasu a 2006. Joan Jett kuwa kamfanoni 23 ne suka ƙi kundinta na farko, ita da Kenny Laguna suka kafa nasu kamfanin, Blackheart, suna sayar da faifai daga bayan mota, kafin ta yi mako bakwai a lamba 1 a 1982. Bambancin ƙarshen waɗannan mata biyu ba na iya kiɗa ba ne. Ɗaya ta mallaki abin da take yi.

Guguwar kiɗan fank (punk, wani reshen rok) ta Landan, wadda ta ce ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandamali, ta buɗe wata ƙofar: Slits a 1976, da mawaƙiyarsu Ari Up 'yar shekara goma sha huɗu, sai Raincoats a 1977. A ɓangaren kiɗa mai nauyi kuma Girlschool ta fito a 1978, ta yi rangadi da Motörhead.

Daga irin wannan guguwa a Los Angeles Go-Go's suka fito a 1978. Manyan kamfanoni suka ƙi su, hujjar ita ce ƙungiyar mata ba ta kasuwa. Wani ƙaramin kamfani, I.R.S. na Miles Copeland, ya ɗauke su. Kundinsu Beauty and the Beat ya fito a 1981, a watan Maris na 1982 ya hau lamba 1 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka ya zauna mako shida. Su ne ƙungiyar mata zalla ta farko, masu rubuta waƙoƙinsu da kaɗa kayansu, da ta kai wannan matsayi. Abin dariya, a lokacin suna bin ƙungiyar Police rangadi a matsayin masu buɗe fage, kuma mai gangunan Police ƙanin Copeland ɗin ne, sai ga kundin 'yan rakiya ya wuce na masu gayya.

Abin da ya raba su ya cancanci ki tsaya a kansa, tunda kin ce kina koyo. Kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai na wanda ya rubuta baiti da karin waƙar, akwai na sautin da aka naɗa. Na biyun yawanci kamfani ne ke riƙe da shi, yana ba makaɗa ɗan kaso, shi ma sai bayan ya cire duk abin da ya kashe a situdiyo da kuɗin da ya ba su tun farko. Na farkon kuwa yana zuwa ga marubuci duk sanda aka sayar ko aka sa waƙar, kuma a Amurka gidajen rediyo na gargajiya marubuci suke biya, ba mai kaɗawa ba. A Go-Go's, Charlotte Caffey da Jane Wiedlin ne suka rubuta mafi yawan waƙoƙin kundin farko. Gina Schock mai ganguna, wadda dukanta ne ke buɗe shahararriyar waƙarsu "We Got the Beat", wata rana ta ga takardar kuɗin da aka biya Charlotte, ta kwatanta da nata. Daga nan zaman bai sake daɗi ba. Ga kuma shaye-shaye da gajiyar hanya. A 1985 suka watse. Wannan cuta ta kashe ƙungiyoyin maza da yawa, amma in ta maza ta watse sai a ce saɓani ne na sana'a, in ta mata ce sai a ce ai dama mata ba sa zama inuwa ɗaya.

Game da mantuwa kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Masu zaɓen wanda za a ɗauka a kamfani, da masu tsara abin da rediyo za ta sa, da masu rubuta sharhi a mujallu, kusan duk maza ne, kuma su ne daga baya suka zauna suka rubuta tarihin. Waƙar da rediyo ba ta sa ba a 1971 ba za ta shiga jerin tsofaffin waƙoƙin da ake maimaitawa ba a 1991, faifan da bai yi kasuwa ba kuma kamfani ba ya sake buga shi. Zauren karrama gwarzayen rok da ke Cleveland ya fara shigar da mutane a 1986, babu mace ko ɗaya a rukunin farko. Aretha Franklin ce ta fara shiga a 1987. Sister Rosetta Tharpe sai 2018, Go-Go's sai 2021. A 2023 aka cire Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Rolling Stone, daga kwamitin gidauniyar zauren, bayan ya faɗa wa jaridar New York Times cewa bai sa mata da baƙar fata cikin littafin hirarrakinsa ba don a ganinsa ba su iya bayyana tunaninsu yadda yake so ba. Mutumin da ya yi shekaru hamsin yana cikin masu yanke wa ya cancanci a tuna da shi ke nan.

Kada kuma ki ɗauka Amurka da Ingila ne kaɗai. A Surabaya ta Indonesiya, Dara Puspita sun fara a 1964, lokacin da Shugaba Sukarno ke yaƙi da kiɗan Turawa har aka ɗaure 'yan ƙungiyar Koes Bersaudara a 1965 saboda waƙoƙin Beatles. Su matan sun sha tambayoyi a hannun hukuma, suka ci gaba, suka yi rangadin Turai daga 1968 zuwa 1971. A nan Afirka ta Yamma, ƙasar Gini ta Sékou Touré ta kafa tawagar mata ta jandarmomi a 1961, wadda ta zama Les Amazones de Guinée, da jitocin lantarki da ganguna da kayan busa, sun kuma zo Legas bikin FESTAC a 1977. Ba rok suke yi ba, amma sun riga Goldie da shekara guda, kuma sun fi duk waɗanda na lissafa daɗewa, wataƙila don albashin gwamnati suke ci, ba jiran rahamar kamfani ba. Kusa da mu kuma, a yankin Abalak na jihar Tawa a Nijar, Fatou Seidi Ghali ta koyi jita a ɓoye da ta yayanta, ta kafa Les Filles de Illighadad, kundinsu na farko ya fito a 2016. A wajen Buzaye jita ta maza ce, tende kuwa, turmin da ake ɗaure wa fatar akuya a kaɗa, na mata ne. Ita sai ta ɗauki waƙoƙin tende ta ɗora su a kan jita. Akwai namiji ɗaya da ke kaɗa jita tare da su a rangadi, don haka ba zan ce mata zalla ba ne.

In aka ce sai na ba ki suna ɗaya, Goldie and the Gingerbreads ne suka fara samun babban kamfani, Go-Go's ne suka fara kaiwa ƙololuwa, amma ni Fanny zan ce. Gidan talabijin na Jamus ya ɗauke su a shirin Beat-Club a 1971, hoton yana nan a YouTube. Babu masu kallo, babu ado, su huɗu ne da sifikokinsu a ɗaki. Ki kalle shi sau biyu. Karo na farko ki saurari yadda bes ɗin Jean da gangar ƙafar Alice ke faɗuwa tare kamar taɓarya biyu a turmi ɗaya. Karo na biyu ki bar idonki a kan hannun hagun June.